Tauraro Biyu Cikin Biyar: Amsa Ga Ɗan Daura Da Ke Ingila

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Daura ne, shekarata 27, ina karatun digiri na biyu a wani gari a arewacin Ingila, wata bakwai ke nan da zuwana. Tun ina firamare nake wasan kwaikwayo, kuma a gida ko tsayuwa na yi sai mutane su fara dariya. Da kaɗaici ya dame ni a nan sai na shiga wata ƙungiyar masu wasan dandamali ta 'yan sa-kai, ba a biyanmu ko kwabo. Aka sa ni a wani wasan barkwanci, na fito a baƙon da ya kama hayar ɗaki a gidan wata tsohuwa. Dare biyu muka yi, sai wani mai sharhi ya rubuta a jaridar garin, ya ba wasan tauraro biyu cikin biyar. Ni kuma ya ce fuskata tana riƙe idon mai kallo, amma ina sauri, ƙarshen maganata ba ya fita, kuma ina yin magana mutane na cikin dariya. Wani abokina ya tura rubutun zauren WhatsApp na 'yan ajinmu, har zancen ya kai kunnen mahaifina, wanda bai san ina wasa ba. Kwana uku ke nan bai ɗaga wayata ba. Saura mana dare shida, kuma 'yan ƙungiyar suna so mu kai wasan bikin wasannin dandamali na birnin Edinbura a watan Agusta. In janye ne? In mayar wa mutumin martani? Ko in dage in koyi magana irin tasu? Kunya ta hana ni barci.

Wa alaikumus salam ɗana. Na karanta wasiƙarka sau biyu, na ji zafin da ke cikinta. Kada ka janye, kada kuma ka rubuta wa mutumin nan komai. Ka gama darenka shida, domin mutane sun dogara da kai, kuma a cikin dare shidan nan za ka koyi abin da wata bakwai bai koya maka ba. Amma bari in faɗa maka abin da ƙila ba ka so ji ba: cikin abubuwan da mai sharhin ya faɗa a kanka, ban ga ko ɗaya da ya zama zagi ba. Ya yaba maka a abu guda, ya nuna maka uku da za ka gyara, kuma ukun nan duk hannunka yana kai garesu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Shekaru da dama ni ke kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo a wata sakandare a nan Katsina. Wata shekara muka kai yara gasa a wani gari, da wasan da ya sa 'yan makarantarmu riƙe ciki don dariya. Muka zo na kusa da ƙarshe. Ɗaya daga cikin alƙalan ya ce mani rabin maganar yaran ba ta wuce layin kujeru na biyar ba. Na yi mako guda ina fushi da mutumin, ina cewa son kai ne. Da muka koma bita sai na ɗauki kujera na zauna can ƙarshen ɗakin taro, jikin taga. Wallahi ban ji ba. Bakin yaron yana motsi, hannunsa na yawo, na san abin da yake faɗa don ni na rubuta, amma da baƙo ne ni da ban tsinci komai ba. A makarantarmu ana dariya ne saboda kowa ya san yaron, ya san malamin da yake kwaikwayo, ya san tafiyarsa da yadda yake gyara hula. Ilimin da 'yan kallo suka zo da shi daga gida shi ke cike giɓin da muryar yaron ta bari.

To haka kake a Daura. Da ka ce ko tsayuwa ka yi ana dariya, gaskiya ka faɗa, sai dai rabin dariyar nan mutanen garinku ne suka kawo abinsu. Mu Hausawa raharmu a kan sanayya take. Bakatsine ya ga Bahaɗeje, Bakano ya ga Bazazzage, Bafillace ya ga Babarbare, kafin wani ya buɗe baki an fara murmushi, saboda wasan ya girme su duka. Taubashi ya shigo gida, jika ya tsaya gaban kakarsa, kowa ya san za a taɓa. Kai kuwa yanzu ka tsaya gaban mutanen da ba su san kakanka ba, ba su taɓa jin sunan Kusugu ba, babu wata tsohuwar wasa tsakaninka da su. Duk dariyar da za ka samu a ɗakin nan sai ka gina ta da hannunka, daga tushe, a daren. Kuma da wannan halin wani baƙon ido ya zauna ya ce fuskarka tana riƙe mai kallo. Wannan yabon ya fi tafin 'yan ajinku nauyi, domin mai shi ba ya jin kunyarka. Na lura a wasiƙarka ka wuce shi da gudu kamar ba a faɗa ba.

Bari mu zo kan maganar da ba ta fita, don a nan ne nake ganin zan fi yi maka amfani. Harshenmu yana da wata ɗabi'a da ba mu cika lura da ita ba saboda a cikinta aka haife mu: murya tana farawa sama, tana gangarowa sannu a hankali, har kalmar ƙarshe ta zama ita ce mafi ƙasa a jimla. Faɗi kowace doguwar magana da Hausa ka saurari kanka, za ka ji. Sannan kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa, bakinmu bai saba rufe kalma da baƙi ba, balle baƙaƙe biyu ko uku a jere. Ga kuma "p" da "f" da ba mu rarrabe su. Shi kuwa barkwancin Turanci, sau da yawa kalmar da ke ɗauke da dariyar ita ake ajiyewa a ƙarshen jimla, kuma sau da yawa da baƙi take ƙarewa. Ka ga inda matsalar take. Daidai wurin da marubucin ya ɗana tarkonsa, nan muryarka ke sauka, nan kuma harshenka ke haɗiye harafin ƙarshe. Na kusa da dandamali sun ji, sun yi dariya. Na baya suna tambayar juna me ya ce.

Maganin wannan aiki ne na kwana biyu ko uku, idan ka zauna masa. Ɗauki takardar wasanka da biro, ka bi layukanka ɗaya bayan ɗaya, ka ja layi ƙarƙashin kalmar da dariya ke rataye a jikinta. Ba za su wuce ashirin ko talatin ba. Ka nemi mutum guda cikin 'yan ƙungiyar, wanda ka fi sakewa da shi, ka roƙe shi ku zo da wuri kafin a buɗe ƙofa, ya zauna a kujerar ƙarshe, kai kana kan dandamali. Duk kalmar da bai ji ba ya ɗaga hannu. Ka maimaita har hannun ya daina tashi. Kada ka yi ihu, ihu yana ƙara dagula magana. Numfashi za ka ajiye don ƙarshen jimla, yadda ladan ke ajiye nasa don ya kai ƙarshen kira ba tare da muryar ta karye ba.

Sai maganar shiga cikin dariyar mutane. Wannan ka san shi, tsoro ne kawai ya mantar da kai. Azumin bara, bayan goma ga wata da aka fara tashe, wasu yara suka tsaya ƙofar gidanmu, ba nisa da hasumiyar Gobarau, suna tashen tsoho da gemu. Yaron da ya yi tsohon bai fi shekara tara ba, an manna mashi auduga a haɓa, ya sa wata tsohuwar riga da ta kai mashi ƙasa, yana dogara kara. Ya yi tari, matan da ke leƙe daga soro suka fashe da dariya. Sai ya tsaya cak, ya riƙe ƙugu, yana kallon ƙasa, gemun yana rawa. Bai ce uffan ba sai da dariyar ta kai ƙarshen hawanta ta fara saukowa, kafin ta mutu, sannan ya ɗago kai ya jefa ta gaba. Ba wanda ya koya wa yaron nan a aji. Kunnensa yana wurin masu kallo, shi ke nan. Dariya tana da hawa da sauka. Ka shigo tana hawa, ka kashe ta kuma ba a ji ka ba, sannan mutane su fara danne dariyarsu don kada su rasa magana, ɗaki ya yi sanyi. Ka jira har ta mutu sarai, wasa ya yi nauyi. Wurin shiga yana kan gangara.

Kai yanzu kunnenka yana wurin Turancinka. Kana tsoron kada layi ya kuɓuce maka, sai kake gudu ka sauke shi ka huta, kamar mai ɗauke da tukunya mai zafi. Saurin da aka ce kana yi da shiga dariyar duk uwarsu ɗaya. Haddace layukan nan har su zama kamar karatun allonka na farko, ka riƙa faɗinsu kana wanke kwano, kana tafiya tashar bas. Ranar da bakinka ya daina buƙatar hankalinka, kunnenka zai koma wurin mutane da kansa.

Ka tambaya ko ka koyi magana irin tasu. A'a. Fitar da kalma daban, sauya harshe daban. Ka tuna marigayi Usman Baba Pategi, Samanja. Banufe ne daga Pategi, tsohon soja, ya yi shekaru yana sa ƙasar Hausa dariya da Hausar bariki gauraye da Turancin soja. Ba wanda ya taɓa cewa Hausarsa irin ta cikin birnin Katsina ce, kuma da ya goge ta ya mayar da ita haka da babu Samanja. Amma ko a ƙaramar rediyo mai batir kake saurarensa, kowace kalma tana isowa kunnenka. Abin da nake so gare ka ke nan. Balle ma baƙo aka ba ka ka fito, harshen baƙo shi ne daidai da rigar.

Sai dai a nan ina da tambaya da kai kaɗai za ka iya amsawa, don ni ban ga wasan ba. Idan ɗakin ya yi dariya, da me ake dariya? Da abin da baƙon nan ya faɗa mai hikima, da halin da shi da tsohuwar suka samu kansu, ko da cewa baƙar fata ne mai karyayyen Turanci wanda bai san komai ba? Ka saurara da kyau a dare na gaba. Idan baƙon yana da wayonsa, wani lokaci shi ke kayar da tsohuwar, to wasa ne, ka yi shi da zuciya ɗaya. Idan kuwa daga farko har ƙarshe shi ne abin nunawa da yatsa, ka cika alkawarin dare shidan, sannan ka zauna da mai ba da umarni ka faɗa mashi cikin ladabi abin da ka gani. Haka nan duk abin da ya taɓa addininka ko mutuncinka, ka faɗa tun a wurin bita. Galibi suna saurare idan an yi magana da wuri.

Ba ina cewa duk mai sharhi adali ne ba. Akwai sharhin da ba gyara a cikinsa sai ƙiyayya, kuma yana da kyau ka san kamanninsa don ka bambance shi da naka. Akwai wani baƙar fata ɗan Amurka, Ira Aldridge, an haife shi a 1807, ya tsallaka Ingila yana saurayi saboda a ƙasarsu ba a ba irinsa fili. Da ya fito a Landan a 1825, jaridar The Times ta rubuta cewa yanayin leɓɓansa ba zai bar shi ya furta Turanci daidai ba. A 1833 ya fito a matsayin Othello, jarumin wani wasan Shakespeare, a babban gidan wasa na Covent Garden da ke Landan, jaridu da yawa suka yi mashi ca, dare biyu kacal aka yi aka tsayar. Ka ga wannan, an soki halittarsa ne, abin da ba shi da ikon sauyawa kuma bai kamata ya so sauyawa ba. Mutumin nan bai koma gida ba. Ya yi shekaru yana zagaya ƙananan garuruwan Ingila da Ailan, yakan yi wasa mai ban tausayi sannan a daren ya rufe da gajeren barkwanci. Daga 1852 ya shiga ƙasashen Turai, wani lokaci yana magana da Turanci sauran 'yan wasan suna amsa mashi da Jamusanci, har sarkin Furushiya, wata daular Jamusawa ta wancan zamani, ya ba shi lambar zinare, a Rasha ma aka karrama shi. A garin Lodz na ƙasar Folan ya rasu a 1867, yana kan hanyar sana'arsa. Ɗora rubutun da aka yi a kanka kusa da wanda aka yi a kansa. Naka ya ce kana sauri. Gobe ma kana iya rage sauri.

Kuma ka sani tauraro biyun nan na wasan ne gaba ɗaya, da rubutunsa da tsarinsa da kowa da ke ciki, ba kai kaɗai aka auna ba. Mutum guda ne ya zo a dare guda, a farkon wasa, lokacin da barkwanci bai gama nuna ba. Wasan dariya sai ya haɗu da 'yan kallo sau da yawa kafin 'yan wasa su san inda ake dariya da inda ba a yi. Shi ya sa manyan gidajen wasa na Landan sukan yi kwanaki suna nuna sabon wasa ga jama'a kafin daren da suke gayyatar 'yan jarida. Ku ba ku samu wannan sararin ba. Martani kuwa ba ya ƙara tauraro, sai dai ya sa a san ka da abin da ba shi kake so a san ka da shi ba.

Maganar Edinbura, a nan zan ja maka birki. Bikin babba ne, ya samo asali a 1947 lokacin da ƙungiyoyi takwas da ba a gayyata ba suka je suka yi wasanninsu a gefen babban bikin birnin, kuma har yau ba mai tantance wanda zai shiga. A shekarun nan wasannin da ake kaiwa sukan haura 3,000 cikin kusan mako uku. Ma'anar wannan ita ce ku za ku biya kuɗin rajista da hayar ɗakin wasa da masauki, a watan da masauki ya fi tsada a garin, ku kuma za ku tsaya kan titi kuna miƙa wa masu wucewa takardar talla. Ƙungiyoyi da yawa da asara suke komawa. Ga abu biyu da suka shafe ka kai kaɗai ban da sauran 'yan ƙungiyar. Bizar ɗalibi ta Birtaniya ta yarda ka yi aiki har awa 20 a mako lokacin karatu, amma ta hana aikin nishaɗantarwa a matsayin sana'a. Wasan sa-kai da ba kuɗi a ciki hukuncinsa daban, to amma da zarar an fara zancen raba kuɗin tikiti ko wani ɗan alawus, ka shiga wurin da bai kamata ka yi wa kanka fatawa ba. Je ofishin da ke kula da ɗaliban ƙasashen waje a jami'arku, ka faɗa masu komai, su ba ka amsa a rubuce. Na biyu, Agusta shi ne watan da mafi yawan masu digiri na biyu a can suke kan rubuta kundin kammalawa. Idan biki zai ci kundin, bar bikin. Ana yin sa kowace shekara, kuɗin makarantar da aka biya maka kuwa sau ɗaya aka tara shi.

Wannan ya kawo ni kan mahaifinka, kuma a gaskiya shi ya fi damuna a duk wasiƙar. Abokin da ya tura rubutun, ƙyale shi, ƙila ma alfahari yake da ganin sunanka a jaridar Turawa. Shi kuwa Baba ba tauraro biyu ne ya ɓata mashi rai ba, ina jin bai ma san ana ba da taurari ba. Abin da ya yi mashi ciwo shi ne a bakin mutane ya ji labarin ɗansa. Ka san yadda dattawanmu da yawa suke kallon ɗan wasa, kuma ka san abin da aka sayar ko aka ranta kafin ka hau jirgi. A zaune yake a majalisa wani ya ce ashe yaron naka wasa ya tafi yi, shi kuma ba shi da amsa. Wannan laifin naka ne, ɗana, ka karɓe shi ba tare da kwana-kwana ba.

Kada ka yi ta kiran waya yana ƙin ɗagawa, hakan yana ƙara taurara zuciya. Bi ta wurin mahaifiyarka, ko wani baffa ko kawu da yake jin maganarsa, ya je takanas ya zauna da shi. Idan an samu ya ɗaga, ka fara da neman gafara kan ɓoyewar, kafin kowane bayani. Sannan ka faɗa mashi abin da ka faɗa mani: kaɗaici ne ya kai ka, da yamma ake yi bayan karatu, ba kuɗi kake nema da shi ba, ba kuma abin da za ka ji kunyar ya gani. Ka tura mashi sakamakon zangon da ya wuce ya riƙe a hannunsa, ya samu abin nuna wa wanda ya tambaye shi. Ka roƙe shi izinin cika dare shidan nan saboda alkawari ne ka ɗauka, dattijon Daura ya san nauyin alkawari. Abin da zai biyo bayan haka, har da Edinbura, ka ce mashi sai yadda ya ce, kuma ka faɗe shi har zuciyarka. Idan ya ce a dakata sai an gama karatu, ka dakata, watanni ne suka rage.

Yau da dare ka kira Inna tukuna. Gobe ka riga kowa zuwa ɗakin wasan da takardarka da biro, ka sa mutuminka a kujerar ƙarshe.